FILIN 'YAN MAKARANTA: Zomayen da Suka Haifi Lissafi

Yau dai zancen soyayya da kwalliya sai su ɗan yi haƙuri, domin lissafi na kawo muku. Haba, kar ki rufe shafin mana! Na san da yawanku da an ce darasin lissafi sai ciwon kai ya tashi, wasu ma har cewa suke wai abin na maza ne. To ki sani, duk mai burin zama likita ko nas ko injiniya, in babu kiredit a lissafi burin nan a bakin ƙofa zai tsaya. Don haka gyara zama ki ji.

Dubi waɗannan lambobi: 1, 2, 3, 5, 8, 13, 21, 34. Kin gano sirrinsu? Kowace lamba ana samunta ne in an haɗa biyun da suka gabace ta. 3 da 5 sun ba da 8, 5 da 8 sun ba da 13. Shi ke nan fa! Wannan shi ake kira jerin Fibonachi, kuma duk duniya an san da zamansa.

Mai sunan, Leonardo, mutumin birnin Pisa ne a ƙasar Italiya, an haife shi wajen shekarar 1170. Yana yaro mahaifinsa ya kai shi Bijaya, wani garin bakin teku a Aljeriya ta yau, inda yake wa fataken Pisa aiki. A can ya koyi lissafi da alƙaluman Indiya da Larabawa ke amfani da su, wato 1 zuwa 9 da sifiri. A 1202 ya rubuta littafinsa Liber Abaci don ya koya wa mutanensa wannan hanya mai sauƙi.

A cikin littafin ne ya kawo wata tambaya. Wai mutum ya killace zomaye biyu, mace da namiji. Duk wata suna haifar wasu biyun, mace da namiji, su kuma jariran sai a wata na biyu suke fara haihuwa, kuma babu mai mutuwa. Ma'aurata nawa za a samu a shekara? Watan farko 2, na biyu 3, na uku 5, a haka har wata na 12 suka kai 377. Dalili kuwa, na wannan watan su ne na watan jiya, a ƙara da jarirai, su kuma jariran yawansu daidai yake da waɗanda ke nan tun wata biyu baya, don su ne suka isa haihuwa.

Amma kin san wani abu? Ba shi ya fara gano jerin ba. Malaman waƙa na Indiya sun riga shi, irin su Virahanka, da kuma Hemachandra wajen 1150. Su ba zomo suke ƙirgawa ba, gaɓoɓin waƙa ne. Ki tuna darasin Hausa, akwai gaɓa marar nauyi da mai nauyi, kamar "gi" da "da" a kalmar gida. Ki ba marar nauyi bugu 1, mai nauyi bugu 2. Bugu 3 ana iya cika shi ta hanya 3, bugu 4 ta hanya 5, bugu 5 ta hanya 8. Kin ga ashe mai son waƙa ma lissafi take yi ba ta sani ba. Sai a ƙarni na 19 ne wani Bafaranshe, Edouard Lucas, ya laƙaba wa jerin sunan Fibonachi.

In kuma an sayo abarba a gida, kafin ki fere ta ki dubi idanunta. A karkace suke jere, layi-layi. Ƙirga layukan da suka yi dama da waɗanda suka yi hagu, galibi 8 da 13 za ki samu.

Abin da nake so ki lura da shi, wani ta kasuwa ya shigo lissafi, wasu ta waƙa, ke kuma ga shi ta kicin ma akwai ƙofa. Masu cewa na maza ne, ki ba su labarin Maryam Mirzakhani 'yar ƙasar Iran, wadda a 2014 ta zama mace ta farko da ta karɓi lambar yabo ta Fields, ɗaya daga cikin mafiya daraja a fagen lissafi.

Ga aikin gida. Matakalar bene mai hawa 10, kina taka ɗaya-ɗaya ko ki tsallake ki taka biyu, yadda kika ga dama. Ta hanya nawa za ki kai sama? Fara da hawa 1, sai 2, sai 3, ki ga abin mamaki. Ban da satar amsa wajen yaya! Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.