Aikin da ƙasa ke rufewa: a yi hattara wajen zaɓen ɗan kwangila

Duk wanda ya samu fili a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, hankalinsa yana kan bango da ƙofa da rufi. Haƙa tushe, daidaita ƙasar fili da ginin ramin masai kuwa, sai a miƙa su ga wanda ya fi araha, a yi ciniki da fatar baki. A ganinmu wannan babban ganganci ne. In bango ya karkace kowa na gani, a gyara shi. Amma aikin da ke cikin ƙasa, da zarar an rufe shi ba mai sake ganinsa sai ranar da ya ɓaci.

Damanar 2024 ta ishe mu darasi. Ruwa ya rusa dubban gidaje, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, har tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya faɗi cikin watan Satumba. Ba mai hana ruwan sama zuba, amma ana iya yi masa hanya. Ma'aikacin ƙwarai yana ɗaga daɓen ɗaki bisa titi, ya karkata ƙasar tsakar gida don ruwa ya nisanci gindin bango, ba tare da ya tura shi gidan maƙwabci ba.

Kafin a yi maganar kuɗi, a kai ɗan kwangila ya ga filin da idonsa, don ƙasa ba ɗaya ba ce. A Maraɗi rairayi ya yi yawa, bakin rami na zubewa. Ƙasa mai metir guda tsawo, faɗi da zurfi ta fi tan guda nauyi, ta isa ta kashe mai haƙa in ba a tokare ramin da katako ba. A Damagaram ana cin karo da dutse, sai a yanke kuɗin fasa shi tun farko. A Yamai, kusa da kwarin Gunti Yena, ruwa ba ya da nisa a ƙasa. Wanda ya faɗi farashi bai duba waɗannan ba, a nemi wani.

Maganar masai ta fi nauyi, domin ta shafi lafiyar unguwa duka. Masana tsabta sun ce a bar metir 30 tsakanin rami da rijiya, kuma gindin ramin ya tsaya metir 1,5 bisa ruwan ƙasa. Ba mu manta da cutar amai da zawo da ta kama Madarumfa a 2018, ta kuma bazu a jihohi da dama a 2021 ba. Masai na zamani ɗaki biyu gare shi: na farko, wanda ya fi girma, nan ƙazanta ke kwanciya, ruwa ya wuce na biyu, sannan ya tafi ramin tsotsewa. A shafe cikinsa da siminti, a sa tiyon fitar da iska da murfin yashewa. Kafin a rufe, a cika shi da ruwa ya kwana. In ruwan ya ragu sosai, yana yoyo.

Duk wannan sai an sa shi a takarda. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci yana iya rubuta yarjejeniya da Hausa: zurfi da faɗin rami, buhun siminti nawa, ƙarfe nawa, wa zai kwashe ƙasar da aka fitar, da ranar gamawa. Shaidu biyu su sa hannu. A biya kashi uku, kashin ƙarshe sai mai gida ya duba aikin kafin a mayar da ƙasa.

Muna kira ga hukumomin magajin gari da ma'aikatan tsabta: bayan ba da izinin gini, su riƙa zuwa duba rami tun yana buɗe. Tun ran gini, ran zane. Allah shi ba mu damana mai albarka.