Idon Mai Hasumiya Bai Isa Ba

Haɗarin jirgin sama mafi muni a tarihi ba a sararin samaniya ya auku ba. Ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife, jiragen Boeing 747 biyu, na KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka halaka. Ma'aikacin hasumiya ba ya ganin ko ɗaya daga cikinsu, filin kuwa ba shi da radar mai duba ƙasa. A 2001 aka sake yin irinsa a filin Linate na birnin Milan, rayuka 118 suka salwanta.

Mu da muka karanci ilimin halittu mun san iyakar idon ɗan Adam: hazo na makantar da shi, duhu na rage masa ƙarfi, gajiya na karkatar da hankalin mai shi. Mujiya kuwa tana iya cafke ɓera cikin baƙin duhu, domin motsinsa yakan riga isa kunne ɗaya kafin ɗayan, ƙwaƙwalwarta kuma ta auna wannan ɗan bambanci ta gane inda yake. Dabarar ke nan da ake amfani da ita a manyan filayen jirgi. Ana kakkafa na'urorin sauraro kewaye da fili, jirgi ya aika sigina, kwamfuta ta lissafa bambancin lokacin isarta ga kowace na'ura, sai ga jirgin a allo tare da sunansa. Radar ita kaɗai ɗigo take nunawa, ba ta faɗin ko wane ne.

To, ina batun motoci? Nan ne nake ganin ake sakaci. Motar kashe gobara da ta mai da ta jan kaya duk suna zirga-zirga a wurin. A 2014, a filin Vnukovo na Mosko, wani jirgi mai shirin tashi ya daki motar share ƙanƙara, shugaban kamfanin Total da ma'aikatan jirgin uku suka mutu. A ra'ayina, duk motar da ba ta ɗauke da na'urar sanar da matsayinta bai kamata ta taka titin jirgi ba; kuɗin na'urar ai bai kai ya kawo ba idan aka gwada shi da na jirgi.

Allo ma ido ne ke kallonsa. A filin Haneda na Tokyo, a 2024, na'ura ta nuna gargaɗi ba a lura ba, jirage biyu suka haɗu, mutum biyar suka rasu. Saboda haka gargaɗi ya kamata ya isa ga matuƙi kai tsaye, ta jajayen fitilun da ake binnewa a titin, masu kunna kansu idan akwai wani abu a gaba. Hukumominmu su duba wannan, musamman a Kano, inda ƙurar hunturu kan rufe fili kowace shekara.