Kada Ka Yi Odar Sabon Jakin Jita Kafin Ka Auna

Duk wanda ya san goge ko garaya ya san jaki, ɗan abin nan da tsirkiya ke hawa a kai. Jitar lantarki ma tana da nata, na ƙarfe, kuma shi ne abin da matasa ke saurin ɗora wa laifi da zarar sauti ya fara karkacewa. Sai mutum ya kalli bidiyo biyu a YouTube, ya yi oda ta intanet, kaya su iso su ƙi shiga. A ganina, yawancin jitocin da ake canza wa jaki saiti kawai suke buƙata.

Gwajin yana cikin aljihunka. Sauke manhajar saita sauti irin GuitarTuna, ka saita tsirkiya a sake, sannan ka danne ta a firet na 12. Sautin biyu dole su zama iri ɗaya, na biyun dai ya fi tsayi. Idan ya zarce sama, juya sukurun ka ja ɗan sirdin tsirkiyar baya. Idan ya gaza, matso da shi gaba. Sau da yawa a nan matsalar ke ƙarewa, ko sisi ba ka kashe ba.

To amma idan tsatsa ta cinye sukurori, ko sirdi ya yi kaifi yana tsinka tsirkiya, canji ya zama dole. A nan ne awo ke da muhimmanci, domin jakin wata jitar ba ya hawa wata. Na Fender Stratocaster, wadda ta fito a 1954, sukurori shida ke riƙe shi, wasu na zamani kuma biyu. Tune-o-matic na Gibson a kan turaku biyu yake zama. Floyd Rose kuwa sai an fafe katakon jitar kafin ya shiga. Ko a cikin masu sukurori shida, tazara daga tsirkiyar farko zuwa ta shida ta bambanta: tsohon samfuri kusan milimita 56, wasu kuma wajen 52. Milimita huɗun nan sun isa su sa ka huda sabbin ramuka, kuma ramin da aka huda ba daidai ba yana karya darajar jita.

Wani zai ce jaki mai tsada yana gyara sauti. Yana iya taimakawa, amma Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma ta katin memori na wayoyin hannu waƙoƙinsa suka fara yaɗuwa. Hannu ne ke kiɗa.

Idan ka tashi canjin, ɗauki hoton komai kafin ka kwance. Kada kuma ka manta da siririyar wayar da ke haɗa ƙarfen jakin da kayan lantarkin ciki. Idan ba ka mayar da ita ba, amfilifaya za ta yi ta ƙugi har ka ɗauka jabu aka sayar maka.