Yadda Ƙwaƙwalwar Ɓera Ke Koyon Tsoro

Tsoro iri biyu ne: akwai na halitta, akwai wanda ake koya. Na biyun shi ake nufi da karin maganar nan, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Masana ƙwaƙwalwa sun daɗe suna bin diddiginsa a jikin ɓera.

A ɗakin gwaji, akan saka ɓera cikin keji, a kunna masa wata ƙara, sannan a saki 'yar wutar lantarki ta ja shi a tafin ƙafa. Washegari da ya ji ƙarar, ko ba wuta, sai ya ƙame ƙam, ba abin da ke motsi sai numfashinsa.

Cibiyar wannan koyo ita ce amigdala, wani ɗan curi a can cikin ƙwaƙwalwa, ɗaya dama ɗaya hagu. Joseph LeDoux na Jami'ar New York da abokan aikinsa sun nuna cewa a ɓangarenta na gefe ne saƙon kunne da na zafi ke haɗuwa su ƙullu. Ɓangarenta na tsakiya kuwa shi ke ba da umarni, jini ya hau, jiki ya sandare. Idan aka lalata amigdala, ɓera ba ya ɗaukar darasin.

Tuna wurin da abin ya faru aikin wani sashen ƙwaƙwalwa ne mai suna hifokamfus. A 1992, Jeansok Kim da Michael Fanselow sun lalata shi kwana ɗaya bayan horo, sai ɓerayen suka daina tsoron kejin, amma ba su daina tsoron ƙarar ba. Waɗanda aka jinkirta wa har kwana 28 ba su manta da kejin ba, alamar cewa ajiyar ta riga ta bazu zuwa wasu sassa.

Idan aka yi ta kunna ƙarar ba tare da wuta ba, ƙamewar takan ragu. A 2002, Mohammed Milad da Gregory Quirk sun danganta wannan da wani yanki na goshin ƙwaƙwalwa mai taka wa amigdala birki. Sai dai tsohon tsoron ba ya gogewa, sabon darasi ne ke danne shi, kuma yakan dawo idan aka sauya wuri ko aka daɗe. Shi ya sa jinyar mutanen da suka ga tashin hankali, ta hanyar fuskantar abin tsoron sannu a hankali, take bukatar maimaici da haƙuri.