Fayil Ɗaya, Hannu Biyu: Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai

'Yan uwana ɗalibai, aikinmu na nazarin harshe ya koma cikin kwamfuta. Jerin kalmomi, rubutaccen zancen da muka naɗo daga bakin jama'a, kundin kammala digiri, duk a fayil suke, kuma sau da yawa mutum fiye da ɗaya ke taɓa fayil guda. A ra'ayina, duk tsarin ajiyar fayiloli da ba a gwada shi cikin cunkoso ba, bai cancanci a ba shi amana ba.

Ga misali. A ce fayil na riƙe da adadin kalmomin da aka tattara, 500. Manhajoji biyu suka karanta 500 a lokaci guda, kowacce ta ƙara ɗaya, ta rubuta 501. Adadin da ya kamata shi ne 502, amma aikin ɗaya ya ɓace, kuma babu gargaɗin da zai fito. Haka nan wanda ya karanta fayil ana tsakiyar rubuta shi, yana iya samun rabin tsohon rubutu haɗe da rabin sabo.

Masana sun daɗe da sanin wannan matsala. Tun 1965 Edsger Dijkstra ya bayyana hanyar da za a sa ayyuka su riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya, kamar ɗaki mai makulli guda. To amma sanin magani daban, tabbatar da an yi amfani da shi daidai daban. Shi ya sa masu gina Linux ke amfani da tarin gwaje-gwaje mai suna xfstests. A cikinsa akwai fsstress, wanda ke sakin ayyuka da yawa su yi ta ƙirƙirar fayiloli, da rubutu, da canja suna, da gogewa, ba tare da wani jeri ba, sannan a duba ko ajiyar ta lalace.

Wani zai ce wannan ɓata lokaci ne, tunda manhaja na aiki lafiya kullum. Amsa ita ce irin wannan kuskure ba ya fitowa sai ayyuka biyu sun yi karo a daidai wani ɗan lokaci. Ana iya gwadawa sau dubu lafiya, na gaba ya ɓaci. Injin Therac-25 na gashin ciwon daji ya nuna haka. Tsakanin 1985 da 1987, a Amurka da Kanada, ya zuba wa marasa lafiya shida hasken da ya wuce kima, wasu suka rasu, kuma karon ayyuka a manhajarsa na cikin musabbabin. Ba fayil ba ne, amma cutar iri ɗaya ce.

Saboda haka, kafin mu zuba wahalar shekara a wata ma'ajiya ta haɗin gwiwa, mu gwada ta. Mutum biyu su buɗe fayil guda, su gyara layi ɗaya, su adana tare, su maimaita sau da yawa, sannan a duba abin da ya saura. In aikin wani ya ɓace shiru, a nemi wata hanya tun kafin a fara ainihin aiki.