SHARHI: Danƙon da ke sauraren bugun zuciya, da tambayar da Abuja ba ta fara yi ba

A ƙarƙashin kowane ɗan faifai da ake manna wa majiyyaci a ƙirji lokacin gwajin zuciya na ECG, akwai wani danƙo mai ɗauke da ruwa da gishiri. Shi ke ɗauko 'yar wutar lantarkin da zuciya ke fitarwa ya miƙa wa na'ura. Masana na kiran irinsa haidirojel, wato zaren roba da ya sha ruwa ya riƙe, kamar kamun da ya huce ya kama jikinsa. Ba sabon abu ba ne. Tun 1960 Otto Wichterle da Drahoslav Lím na ƙasar Chekoslobakiya suka bayyana irin da aka yi gilashin ido mai laushi da shi, wanda ake ɗorawa a kan ƙwayar ido.

Sabon abin shi ne yanzu ana son danƙon ya maye gurbin ƙarfen baki ɗaya, a kuma buga shi da na'ura kamar yadda ake zuba tawada a takarda.

Dalilin a fili yake. Ƙarfe na da tauri, tsoka kuwa na da laushi. Idan aka dasa waya a ƙwaƙwalwa ko a jijiya, jiki yakan kewaye ta da tabo, saƙon da ake ɗauka ya riƙa raunana. Sannan a cikin jiki gishirin da ke narke a ruwa ne ke ɗaukar lantarki, saɓanin yadda yake bi ta waya. Wata roba mai suna PEDOT:PSS tana iya ɗaukarsa ta hanyoyin biyu. Tana cikin dangin robobi masu ɗaukar lantarki da gano su ya jawo wa Heeger da MacDiarmid da Shirakawa kyautar Nobel a 2000.

A 2020, ayarin Farfesa Xuanhe Zhao na jami'ar MIT a Amurka ya mayar da wannan roba tawada mai kauri, ya buga ɗan ma'auni mai laushi, ya ɗauki saƙon ƙwaƙwalwar ɓera da shi. A 2023 suka gauraya ta da wata roba mai juriya, suka buga na'urar da babu ƙarfe a inda take taɓa tsoka, suka manna ta a zuciya da jijiyar ƙafa da lakar beraye, ta yi aiki har wata biyu. Ci-gaba ne babba, amma a tuna cewa a jikin dabba aka yi. Tsakanin ɓera da ɗan Adam akwai shekaru na gwaji da neman izini, don haka duk ɗan kwangilar da ya zo ma'aikata da batun dasa irin wannan a asibitocinmu, a yi masa kallon tsanaki.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne na mannawa a fata: na bugun zuciya, na motsin tsoka, na auna gumi. A nan bugawa ke da muhimmanci, domin ita ce ta sauƙaƙa farashin tsinken gwajin sukari, wanda akasari buga layukan lantarkinsa ake yi. A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan umarnin janye harajin kwastam da na VAT daga wasu injuna da kayan haɗa magunguna da na'urorin asibiti, na tsawon shekara biyu. Wa'adi ne gajere ga mai son kafa masana'anta, amma ya nuna inda gwamnati ta dosa.

Sai dai haidirojel na da lago guda: bushewa. Ruwan ya tafi, laushin ya tafi, saƙon ya lalace. Sharaɗin da NAFDAC ke bi wajen gwada ƙarkon magunguna shi ne zafin digiri 30 da laimar kashi 75 cikin ɗari, wanda ya yi daidai da Legas da Fatakwal. A Sakkwato ko Maiduguri kuwa, laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 da hunturu, zafi kuma ya haura digiri 40 da bazara. Faifan da ya yi kwanaki lafiya a ɗakin bincike mai na'urar sanyaya ɗaki, babu tabbacin zai kai ko'ina a ɗakin shan magani da ba wuta.

Masu bincike kan zuba gilisarin ko ƙarin gishiri, ko su lulluɓe danƙon da siririyar roba don rage ƙafewa. Wannan aiki ne da bai fi ƙarfin sassan kimiyyar sinadarai na jami'o'inmu ba, kuma Asusun Bincike na Ƙasa da ke ƙarƙashin TETFund zai iya ɗaukar nauyinsa. Kafin nan, jami'in da ke tantance takardun sayo kayan asibiti yana da hurumin neman a rubuta masa awa nawa faifan ke aiki bayan an farke ledarsa, kuma a wane zafi da wace laima aka gwada shi.