BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Jama'a, a shekarar 2024 aka yi wasannin Olamfik a birnin Faris, inda Ese Ukpeseraye ta zama ta farko da ta wakilci Nijeriya a tseren keke. Da aka zo tseren cikin fili sai ga shi ba ta da keken hawa, sai da 'yan Jamus suka ara mata. Wannan abin kunya ne ga ƙasa duka, kuma mu mun ce tun daga ƙauye ɓarnar ta faro.

Ku dubi Gafasa da sauran garuruwan Ajingi da Gaya. Samarinmu kullum suna bisa keke, da buhu a baya, suna ratsa yashi zuwa kasuwa. 'Yan makaranta kuwa da ƙafa suke zuwa, da ƙafa suke komowa. Ƙarfi akwai shi, jimiri akwai shi. Shin wane ne ya taɓa ɗaukar agogo ya auna gudun yaro ɗaya daga cikinsu?

Za a ce mana ai mutanen Habasha da Kenya tuddai suka taimake su. Gaskiya ne, garin Iten na Kenya yana bisa tudu mai tsawon mita 2,400, kuma ƙarancin iskar can yana ƙara wa jini ƙarfi. Mu ba mu da irin wannan. Amma hawan tudu da gudu cikin yashi aikinsu ɗaya ne, watau ƙarfafa cinya da tsawaita numfashi. Ga yashin kogin Wudil da rani, ga duwatsun birnin Dutse a maƙwabta, ga Dala da Goron Dutse a Kano. Abebe Bikila ya ci tseren kilomita 42 a birnin Rum a 1960 ba ko takalmi a ƙafarsa. Biniam Girmay na Eritiriya ya ci koriyar riga a tseren keken Faransa a 2024. Horo ne ya kai su, tun suna samari.

Saboda haka muna kira ga ƙananan hukumomin Ajingi da Gaya su yi abu uku. Su auna filin gudu a kowace makarantar firamare. Su horar da malami ɗaya a kowace mazaɓa, a ba shi agogo da littafin rubuta sakamako. Sa'an nan a sa tseren ƙafa da na keke kowace shekara bayan an gama girbi, waɗanda suka yi fice a kai su Kano a gwada su da na birni.

Kuɗin wannan bai kai na motar shugaba guda ɗaya ba. In an ce babu kuɗi, to a gaya wa talakawa inda aka kai su. Ku kuma iyaye, ku bar yara su fita gudu bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi. Allah ya sa masu iko su ji.